Kukan Fijon Bazazzagi

Bawana Bazazzagi, bayan gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa in ya ga dama, ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran talakawanmu na ƙasar Zazzau. Ina kuma gaida gyatumar nan taka mai ƙafa huɗu, don saboda ita na ɗauki alƙalami. Da so samu ne a kunne zan raɗa maka wannan magana, to amma abin da ake ji daga nisan zango guda ya wuce a yi masa raɗa. Masu rake a Tashar Yari sun san wucewarka ko ba su ɗaga kai ba. Kafin ka karya Kwanar Dangora, mutanen Kura sun fara cewa ga malamin nan tafe. Kana taka totur tana wuuu, kana ƙarawa muryar tana ƙara siririncewa, kana ɗaga ƙafa ta sauya salo. Kai kuma kana ciki ka kafa hula, ka ƙure rediyo, wai kai a dole ba ka ji.

Da aka yi maka magana sai ka ce ai sautin fijo ke nan, haka Bafaranshe ya ƙera ta. Kada ka yi wa bawan Allah ƙazafi. Peugeot 504 ta fito a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta ci gasar Safari a Kenya, inda ake tsere cikin laka da ƙura da duwatsu. A shekarar ce kuma masana'antar Kakuri da ke Kaduna, nan bayan gidanku, ta fara harhaɗa fijo, ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da su kansu Faransawa sun daɗe da sallamar ta. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan gwamnati. Duk cikin waɗanda suka shige ta ba wanda ya ce tana rusa kuka, sai da ta faɗo hannun Bazazzagi.

Na tambaye ka yaushe rabon da a canza man bakaksil. Ka buɗe aljihun mota ka zaro mini kati, ka nuna mini ranakun da aka juye baƙin mai a jere, da rubutunka mai kyau irin na tsofaffin malaman makaranta. Na ce ba na inji nake nufi ba, na baya. Ka yi shiru, ka gyara tabarau, sannan ka ce, "Au, a bayan ma akwai mai?" Wannan tambaya daga bakin mutumin garin da ke mana tinƙaho da Jami'ar Ahmadu Bello da Barewa da Alhudahuda ta fito. Can kuma ka tuna ashe an taɓa zubawa. Yaron bakanike ya ce wurin ya bushe, ka sa ya ɗebo daga baƙin man da aka juye daga inji ya ɗura, aka bi shi da dunƙulen giris don ya yi kauri. Ka ba shi na goro, ka ja mota kana jin ka yi dabarar da ko Kanawa ba su kai gare ta ba.

To gyara zama in karantar da kai, tunda abin ya zama haka. Leƙa ƙarƙashin motar ta baya, tsakanin tayoyin nan biyu, za ka ga wani ƙullutun ƙarfe. Shi ne bakaksil. Farfela tana tahowa daga giya a miƙe tana juyi, shi kuma ya karɓi juyin ya karya shi hagu da dama zuwa tayoyi, ya rage masa gudu ya ƙara masa ƙarfi. A irin motarka farfela kan juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Aikinsa na biyu ya fi ban sha'awa. Ka taɓa tsayawa ka kalli shanun huɗa sun kai ƙarshen kunya za su juyo? Na ciki kusan a wuri ɗaya yake tattakawa, na waje shi ke zagayowa da sauri, alhali karkiya ɗaya ce a wuyansu. Haka tayoyin mota suke a kwana. A cikin ƙullutun akwai wasu ƙananan haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu, ba tare da injin ya daina tura su duka biyun ba. Ba don su ba, duk kwanar da ka sha sai taya ɗaya ta ja ƙasa tana ƙara.

Inda maganar mai ta shigo shi ne wajen manyan haƙoran nan biyu, ƙaramin da ke bakin farfela da babban faifan da yake juyawa. Ƙaramin ba a saitin tsakiyar faifan yake cizo ba, an sauke shi ƙasa kaɗan. Kamfanin Gleason na Amurka ne ya fito da wannan yanka, motocin Packard suka fara amfani da shi a 1926, don farfela ta sauka, jikin mota ya sauka, haƙoran kuma su ƙara ƙarfi su rage ƙara. Sai dai saukewar nan ta jawo haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da gogayya. Kowane haƙori yana zamewa a jikin ɗan'uwansa ta tsawonsa, a ƙarƙashin nauyin mota da naka da na buhunan masarar da kake jibgo mata daga Giwa in kaka ta yi. Duk ƙarfin injin a ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba yake taruwa. Mai na gama-gari in ya shiga tsakanin nan matse shi ake yi ya fice, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe tsirara. Wurin ya ɗau zafin da 'yan tsinin da ke fuskar ƙarfen za su manne da juna, juyi ya fizge su, su sake mannewa, a sake fizgewa. Haka fuskar haƙori ke ƙwarzanewa, daga nan kuka ya fara.

Shi ya sa man wurin daban yake. Ana zuba masa sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda ba sa tashi aiki sai wuri ya yi zafi. Da zarar haƙora sun matsu sun ɗau wuta, sinadarin ya kama fuskar ƙarfen ya yi mata wata siririyar fata, gogayyar ta cinye fatar maimakon ta ci ƙarfen, nan take wata ta sake fitowa. Warin nan mai hawa kai da ke tashi in an buɗe galan ɗin man giya, wanda in ya kama riga har a wanke ta bai fita ba, warin farar wutar ne. Man inji ba shi da wannan sinadari yadda bakaksil ke bukata ko da sabo ne fil, balle wanda ya gama shan wahalarsa a inji, ya kwashi hayaƙi da ɗigon fetur da garin ƙarfe. Giris ɗin da kuka ƙara kuwa, babban haƙori na juyawa zai watsa shi jikin bango ya manne can, ya tare 'yan hanyoyin da mai ke bi ya kai ga boris.

Na san inda ka samo fatawarka, don ba a banza kuke ba, rabin karatu ne ke ɗawainiya da ku. Ka ji an ce giyar 504 baƙin mai take sha. Wannan gaskiya ne, haka kamfanin ya rubuta, man inji ake zuba wa akwatin giyarta, abin da ke ɗaure wa kanikawan da suka taso a kan motocin Japan kai. Sai ka zauna a zaure ka yi ƙiyasi: nan haƙora, can haƙora, dalili ɗaya, hukunci ɗaya. Haba malam! Ko ƙaramin ɗalibi a zaurukan cikin birni ya san ba a ƙiyasi inda akwai nassi. Littafin motar ya ambaci man bakaksil da sunansa, a layinsa daban. Haƙoran cikin giya a saitin juna suke, zamewarsu kaɗan ce, man inji ya ishe su. Na baya su ne masu gogayya. Dalilin ba ɗaya ba ne, ƙiyasinka ya rushe tun daga tushe.

Sai kuma aƙidarka ta kauri, wadda ba kai kaɗai ke kanta ba, rabin garejin ƙasar nan a kanta suke. Mutum ya tsoma yatsa a mai, ya murza, ya ja ya ga yana yauƙi, ya ce wannan shi ne mai. Yatsa kauri kawai yake ji, ba ya jin sinadari. Lambobin jikin galan ma suna ruɗin mutane. Ka ga 90 a man giya, ka ga 40 ko 50 a man inji, ka ɗauka na giyar ya ninka kauri. Ma'auni biyu ne daban. Man giya mai lamba 90 da man inji mai lamba 40 zuwa 50 kusan kaurinsu ɗaya, an dai nisanta lambobin ne don kada a riƙa musanya su, masu tsarin ba su san akwai Zagezagi a duniya ba. Abin da ya raba su yatsa ba ya taɓo shi, amma an rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin galan, haruffa biyu da lamba ɗaya. Mutumin da ke karanta jarida har shafin tallace-tallace, wannan ne ya gagare shi.

Haruffan su ne GL, cibiyar man fetur ta Amurka da ake kira API ce ta tsara su. Biyu za ka tarar a kasuwa, GL-4 da GL-5. GL-5 ya ɗauki sinadarin nan kusan ninki biyu na GL-4, kuma domin irin haƙoran bakaksil ɗinka aka yi shi. Shi za ka saya. Amma kada gobe ka ce tunda biyar ta fi huɗu bari a ɗura shi ko'ina, don na san halinka. A cikin akwatin giya akwai wasu zobba na tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Su ɗan kamu suke bukata, GL-5 kuwa santsinsa ya yi musu yawa, farar wutar da ke cikin wasu irinsa kuma tana cin tagulla in zafi ya tsananta. Giya ta fara gurza in za a sa ta biyu, a ɗora wa kuloci laifi. Wannan ya shafi 'yan'uwanka masu Golf da ke lodi a Kwangila. Motar da tayoyin gaba ke ja ba ta da irin wannan ƙullutu a baya, haƙoran rabon gudun suna cikin akwatin giya, mai ɗaya suke sha da ita, kuma yawanci GL-4 ne ko wanda kamfanin ya ambata. Ka faɗa musu, ka ce Bakano ne ya aiko ka.

Dattawan kanikawa da suka yi zamani da 403 da 404 na farko za su ba ka labarin da ya fi wannan. Su nasu bakaksil ɗin sandar ƙarfe ce mai zare tana juya faifan tagulla, man da ake zuba masa kuma da man zurma aka haɗa shi, ba a gauraya shi da wani. Wato tun daga kakanninta fijo ba ta son a yi mata shisshigi a baya.

Saura lamba. 80W-90 shi ne na kowa da kowa, shi kuma zan ce ka zuba. Lambar farko mai W ta ƙasashen ƙanƙara ce, tana nuna yadda man ke gudu da asuba kafin ya ɗumama. Mu nan ko a tsakiyar Janairu, lokacin da kuke fitowa a Samaru da rigar sanyi uku, ba ta dame mu sosai ba. Ta biyun ita ce tamu, kaurinsa in ya yi zafi. 85W-140 ya fi kauri, na manyan motoci ne da masu dakon kaya a zafin Afrilu. In da 504 ɗinka a-kori-kura ce mai jigilar rake daga Maƙarfi kullum, da na ce ba laifi. A salun da yawancin aikinta kai tsoho masallaci ne da ɗaurin aure, 140 ba abin da zai ƙara maka sai shan fetur da ɗan rufe bakin kukan, ka ɗauka an warke. Akwai kuma 75W-90 na zamani, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Mai kyau ne, amma ba a zuba shi a bakaksil mai yoyo, kada ka ƙarar da kuɗin fansho a kwalta.

Wajen saye, ka nemi na galan mai hatimi, wanda kai za ka fasa da hannunka. Man awo da ake jerawa a kwalabe a bakin titi ba wanda zai rantse maka abin da ke ciki, har mai sayarwar. Lita 2 ta ishe ka, don cikin bai wuce lita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, ragowar ka ajiye a but don ciko. Na san za ka tsaya ciniki har la'asar, ku da kuke cewa mu ne masu son kuɗi.

Ranar canzawa kada ka miƙa makulli ka tafi shan fate, ka tsaya a kai. Ka fara zagayawa da motar, ko daga Tudun Wada zuwa Samaru ka dawo, don man ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya tashi. A hau da ita kan rami ta tsaya daidai, don in aka ɗaga gefe ɗaya da jak awon zai yi ƙarya. Noti biyu ne a jikin ƙullutun, ɗaya a ƙasa na tsiyayewa, ɗaya a gefe na zubawa. A goge lakar da ke kewaye da su tukuna. Ga kuma abin da nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran: na gefe ake fara kwancewa. Yaron gareji na ƙasa yake fara kai wa hannu, don shi ne a kusa. Ya tsiyaye man tas, a zo kan na gefe, notin da ya shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, ya ce shi bai san zancen ba, ko kansa ya murje. Ka ga ga mota ba mai, ba kuma ƙofar zuba wani. A nan za ta kwana, kai kuma ka hau acaɓa da babbar riga. A sa wa notin makullin da ya dace da ramin kansa, kada a hau shi da guduma.

Da na gefe ya buɗe, ka zura ɗan yatsa ka lanƙwasa. In lafiya ce, nan bakin ramin za ka taɓo mai. Naka na san sai dai ka taɓo iska. Sannan a kwance na ƙasa, a tara kwano mai tsabta, don man nan shi zai ba da shaida. Ka fito da shi rana ka karkata kwanon. In baƙi ne mai wari, tsufa ne kawai. In ya yi fari-fari da kumfa, ruwa ya shiga. In yana ɗan ƙyalli, ƙarfe ne ke ci. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da mayen ƙarfe a bakinsa, ka duba abin da ya kama. Laushin toka-toka wanda in ka murza ba ka jin komai a yatsa, wannan cin yau da gobe ne, a goge a mayar. In ka ji tsini yana sukar yatsa, ko ka ga ɓarɓashi mai girman ƙwayar gero, haƙori ko boris ya fara ɓantarewa.

A bar shi ya tsiyaye har ɗigo ya tsaya. Irin naka da aka cusa wa giris, a fara zuba sabon mai ka yi 'yan kwanaki da shi, a sake juyewa, sannan a zuba na zama. A sa sabuwar washa a notin ƙasa, a ɗaure daidai, ban da take sufana da ƙafa. Da famfon hannu ko tiyo ake ɗurawa, har man ya fara dawowa ta ramin gefe. Nan ne awonsa, ba wani ma'auni. A jira ya daina zuba a ɗaure. Kada ka ce a karkata motar a ƙara don albarka. Mai in ya yi yawa haƙora kaɗa shi suke ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe nauyi, ga zafi, ga matsin da zai tura shi ta sil.

Kafin a sauko daga rami, a nemo wani ɗan abu a saman aksil wanda ba mai tunawa da shi, ɗan bututun numfashi mai hula. Bakaksil in ya yi zafi iskar cikinsa kumbura take, ta nan take fita. In ƙurar hunturu da lakar damina suka toshe shi, iskar sai ta nemi hanya ta sil, ta tafi da mai. A motocin da aksil ɗinsu sanda ɗaya ce, man kan bi ta ciki har ya jiƙa birkin baya, ka taka mota ta ja gefe, ka ce aljanun Kufena ne. Ana iya canza sil a sake canzawa yoyo bai tsaya ba, alhali ɗan bututun nan ne ke bukatar a zare shi a wanke a busa. Shi ne kuma ƙofar ruwa. Ka taho da gudu a watan Agusta, ƙarfe ya ɗau zafi, ka faɗa ruwan da ya kwanta a hanya har ya shanye aksil. Ƙarfen ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa, boris ya fara tsatsa. Don haka duk ranar da ka yi iyo da ita ka sa a buɗe na gefe a duba. Lokacin canji kuwa, ga wanda littafinsa ya ɓata, ni a ganina kilomita 40,000 ta isa a irin hanyoyinmu da zafinmu. Kai da agogon motarka ya tsaya tun zamanin Shagari, ka ƙirga damina biyu.

Yanzu ga maganar da ba za ka so ba. Sabon mai zai tsayar da ɓarna, ba zai dawo da ƙarfen da ya riga ya tafi ba. In an canza kukan ya ragu, ka gode Allah. In bai ragu ba, ka kashe rediyon nan ka saurare shi da kyau. Wanda ke zuwa in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, yawanci haƙoran ne suka cinye ko saitinsu ya goce. Wanda ke zuwa in ka ɗaga ƙafa mota tana gangarawa da kanta, a fara zargin boris ɗin ƙaramin haƙori. Gurnanin da ke ƙaruwa in ka karkata gefe ɗaya ya ragu in ka karkata ɗaya gefen, wannan boris ɗin taya ne, kada a sa ka sauke abin da lafiyarsa ƙalau. Naka, yadda na ji shi, a take yana yi, a sake yana yi, wato ka haɗa biyu, yadda kuka saba haɗa digiri.

In ta kai ga canza haƙora, biyun tare ake canzawa. Tun a masana'anta ake goga ƙaramin da babban har su saba da juna. Ka ɗauko ƙarami daga wata mota ka haɗa shi da babban wata, daga ranar farko za su fara kuka. Saitinsu kuma aikin babban bakanike ne mai haƙuri, wanda zai shafa wa haƙoran launi, ya juya ya ga inda suke cizo, ya ƙara siririn faranti ko ya rage, ya sake juyawa. Shi ya sa da yawa suka gwammace su sayi bakaksil ɗin gaba ɗaya na hannu. In haka za ka yi, a ƙirga haƙoran, don na salun da na a-kori-kura ba lallai adadinsu ya zo ɗaya ba. Ka sa na a-kori-kura, injin ya yi ta ihu mota ba ta gudu. Ka leƙa Panteka a Kaduna, in ba ka samu ba, kuma na san ƙarshenta ke nan, ka sauke girman kai ka zo Ƙofar Ruwa. Ba yau kuka fara ba.

Na kuma ji ƙishin-ƙishin wani ya ba ka shawarar a cusa mata garin katako da mai mai kauri, ta yi shiru na mako guda, ka kawo ta Kano ka sayar. Tsohuwar dabarar dillalai ce, ta girme ka. Bakanon da zai sayi tsohuwar mota, kafin ya kalli fenti ƙarƙashi yake shiga, ya kwance notin gefe, ya zura yatsa ya shinshina. A wajen wa kuka koyi ciniki? Ban da haka ma ha'inci ne, kuma kai ne ke ja mana aya in an zauna.

Ladan wannan karatu ba na yafewa ba ne. Watan cika-ciki na nan tafe, ka haɗa shi da kuɗin sharar da ka cinye mini na bara da na bara waccan, ka ɗora ɗaurin rake a kai, ban da fate a madadi. Ka gaida mini Hajiya, ka ce na ce ta yi haƙuri da kai, ta kuma daina zama a kujerar baya har a gyara.